Opeth bayan Heritage: su ne suka gudu, ko mu ne muka ƙi tashi daga 2001?

Mansur: Jama'a salamu alaikum. Ina da magana a kan Opeth, ƙungiyar kiɗan metal ta Suwidin, kuma na san akwai masu taso min, musamman Yaya Bala. Tun da albam ɗinsu The Last Will and Testament ya fito a Nuwamban 2024 nake jin sa, kuma abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: ashe muryar mawaƙinsu Mikael Åkerfeldt tana nan daram, gurnaninsa, wato waƙa da kausasshiyar murya irin ta salon det metal, bai je ko'ina ba. To me ya sa ya hana mu tun bayan Watershed na 2008? Shekara 16 ke nan ba a ji shi ya yi gurnani a sabon albam na Opeth ba. Albam huɗu a jere, Heritage na 2011, Pale Communion, Sorceress, In Cauda Venenum, yana ta lallaɓa ogan da sarewa. Ni a wurina shekarun nan asara ce. Wanda yake ganin ba haka ba, ya zo ya gamsar da ni.

Sagir: Tirƙashi. Bari in gyara zama. Yaya Bala, ana sallama da kai.

Yaya Bala: Wa alaikumus salam. Mansur ƙanina, ba tasowa zan yi ba, tuni zan yi maka. Kana magana kamar a 2011 ne wani ya shiga ɗakin Mikael da dare ya musanya shi. Ɗauki albam ɗin da kuke rantsuwa da shi, Blackwater Park na 2001. Sunan nan na wata ƙungiyar Jamus ce ta farkon shekarun 1970, wadda ba kowa ya san ta ba sai masu tonon tsofaffin faya-fayan garmaho irinsa. Sunan My Arms, Your Hearse na 1998 daga baitin wata waƙar Comus ya ciro shi, su kuwa Comus 'yan Ingila ne masu jitar katako da goge, ba ruwansu da metal. Wa ya taya su aikin Blackwater Park a situdiyo? Steven Wilson na Porcupine Tree, wanda duk rayuwarsa furog ce, wato kiɗan rok mai dogayen waƙoƙi masu sarƙaƙiya irin na shekarun 1970. A Morningrise na 1996 akwai waƙa guda mai minti 20. Sannan a 2003 suka fitar da Damnation, babu gurnani ko na daƙiƙa ɗaya, sai Mellotron, wani tsohon kibod, da jita mai sanyi irin ta ƙungiyar Camel, kuma ku ɗin nan kuka tafa. Mutum ya shekara 15 yana nuna muku inda ya dosa, da ya isa sai kuka ce ya ɓace.

Mansur: Yaya, Damnation daban ne, kai ma ka sani. Tare aka yi shi da Deliverance a zama ɗaya, ɗaya ya fito ƙarshen 2002, ɗayan ya biyo bayansa da watanni biyar. Kowa ya san tagwaye ne, ɗaya mai zafi ɗaya mai sanyi. Ba wanda ya ce mana an yi ban kwana da metal. Kuma da suka dawo a 2005 me suka kawo? Ghost Reveries. Shi ya sa muka tafa wa Damnation, mun san hutu ne. Heritage kuwa ƙaura ce.

Kuma ni ban taɓa cewa babu furog a jininsa ba. Cewa nake yi ya bar abin da babu mai yi a duniya sai shi, ya koma abin da ƙungiyoyin furog irin su King Crimson da Jethro Tull da Camel suka riga suka gama tun shekarun 1970. Idan ina son jin wancan, na asalin zan ɗauko.

Nura Mai Jita: Ni ban yarda cewa gurnanin ne ainihin matsalar ba, ko da yake shi kowa yake ambata saboda shi kunne ya fi saurin kamawa.

Ku tuna yadda waƙar Opeth take a da. Ana cikin jita mai kaushi da gangar ƙafa biyu, mutum yana gurnani kamar zai tsaga maƙogwaro, kwatsam sai komai ya ɗauke, a bar ka da jitar katako guda da murya mai taushi. Daɗin wannan sanyin daga ina yake zuwa? Daga sanin cewa ba zai daɗe ba. Kana jin sa kana ɗar-ɗar. Shi kuma gurnanin idan ya dawo yana firgita ka ne saboda an riga an kwantar maka da hankali. Kowane ɓangare yana ciyar da ɗan'uwansa. Ƙungiyoyin det metal masu gurnani tun daga farko har ƙarshe sun fi a ƙirga, ba mai kukan rashinsu. Wannan kai-komon ne ya zama Opeth.

Da ya cire ɓangare ɗaya a Heritage, dole ya nemi abin da zai tsaya a gurbinsa, sai ya sa shiru. Ku sake saurara da abin kunne mai kyau. Akwai wurare da dama da kusan babu komai, fiyano kaɗan, ganga ana shafa ta, sai can a tashi. Wani wurin abin ya yi. A waƙar Famine, inda ya kawo Alex Acuña, mutumin Peru da ya yi kiɗa da Weather Report, ya buga gangunan hannu, ga kuma sarewar Björn J:son Lindh a kan jita mai nauyi, wallahi wurin nan yana da tsoro fiye da wasu waƙoƙin gurnanin. Amma wani wurin sai ka ji waƙar gutsi-gutsi ce aka jera, wannan bai san wancan ba. A da idan ya yi tsalle daga salo zuwa salo, gurnanin yana rufe mahaɗar. Da babu shi sai mahaɗar ta fito fili. Laifin Heritage a wurina rubutun waƙa ne, ba rashin ihu ba.

Sagir: Malam Nura ya buɗe aji. A rubuta, zai fito a jarrabawa.

Zainab: Ni dai bari in faɗi tawa tun kafin a kore ni. Ta Pale Communion na shigo. A 2014 ban san akwai wani tsohon albam ɗinsu wai shi Still Life ba. Abin da ya kama ni muryoyin da aka jera a kan juna ne, da gogen da ke ƙarshen albam ɗin. Daga nan na koma baya, na ji Damnation, na ji Watershed, a hankali kunnena ya saba da gurnanin har na kai Blackwater Park, kuma ina son sa. Da a ce da Deliverance aka fara tarar ni, da minti ɗaya ba zan yi ba. To Yaya Mansur, shekarun da kake kira asara, su suka kawo ni. Abin da yake ba ni haushi shi ne yadda a ko'ina, har a zaurukan Turawa, da ka ce kana son sabon Opeth sai a dube ka kamar baƙon da ya zo biki ba gayyata.

Mansur: Zainab ƙanwata, ba wanda zai kore ki. Pale Communion shi ne mai dama-dama a cikin huɗun, wannan zan ba ki. Waƙoƙinsa a haɗe suke, ba irin na Heritage ba.

Zainab: "Mai dama-dama." To na gode da sadaka.

Ɗan Damagaram: Ni tambayata ɗaya ce, ta suna. Idan mai tsire ya gaji da hayaƙi ya koma sayar da shayi, ba wanda zai hana shi, sana'arsa ce. Amma sai ya ɗauke tukubar, kada mutane su taho da yunwar nama su tarar da buta. Åkerfeldt ya san hanyar yin haka, tunda a 2012 shi da Steven Wilson sun fitar da albam da sunan Storm Corrosion, kuma ba wanda ya zage su, don ba su ce Opeth ba ne. Me ya hana Heritage ya fito da sunansa shi kaɗai?

Yaya Bala: Ɗan Damagaram, to sunan na wa ne? David Isberg ne ya kafa ƙungiyar a Istokholm a 1990, shi ya jawo Mikael yana ɗan shekara 16, kuma shi Isberg ɗin ya tafi a 1992 tun ba a fitar da albam ko ɗaya ba. Cikin waɗanda suka yi Orchid a 1995 babu wanda ya rage yau sai Mikael. Peter Lindgren, wanda ya fi kowa daɗewa tare da shi a jita, ya tafi a 2007. Kusan duk waƙar da kuke ƙauna shi ya rubuta ta. Idan shi bai isa ya ce wannan Opeth ne ba, wa ya isa? Mu da muke zaune a Kano da Damagaram muna ji a waya?

Ɗan Damagaram: Mai saye ma yana da haƙƙi, Yaya. Ka tuna rangadin da suka yi bayan fitowar Heritage a 2011. Ba sababbin waƙoƙin kawai ba, har a cikin tsofaffin sai da suka tsince marasa gurnani zalla. Mutum ya yanki tikiti don ya ga ƙungiyar da shekara ɗaya kafin nan, a 2010, ta buga Blackwater Park gaba ɗayansa a Royal Albert Hall na Landan, ya zo ya tashi bai ji gurnani ko sau ɗaya ba. Wannan ba canjin salo ba ne kawai, akwai gangan a ciki.

Yaya Bala: A nan kam ba zan yi maka musu ba, ya tsaurara. Kuma shi ma bai ɗore a kai ba, daga baya sun dawo da tsofaffin waƙoƙin a dandamali, har yau suna buga su. Amma tunda ka kawo Royal Albert Hall, duba hoton bangon bidiyon wasan. Kwaikwayon na Deep Purple ne, na wasan da suka yi da makaɗan okestira a zauren a 1969. Ko a ranar bikin cikarsu shekara 20, can zuciyarsa take.

Hafsat: Kuna ta Mikael, Mikael. Ni Opeth ta canja min ne tun 2006, ranar da mai gangarsu Martin Lopez ya ajiye sanduna. Ku saurari gangar Damnation, ko ƙarshen waƙar Deliverance. Mutumin nan yana buga metal amma hannunsa na Latin Amurka ne, akwai rausaya a ciki. Shi da Martín Méndez mai bes, dukansu jinin Yurugwai, su suka sa kiɗan yake numfashi. Watershed da Mansur yake yabo, ni tun a can na ji wani abu ya bushe. Wanda yake son jin inda ruhin ya koma ya nemi Soen, ƙungiyar da Lopez yake ciki yanzu.

Nura Mai Jita: Anti Hafsat, Lopez gwani ne, ba ja. Amma kin zalunci Martin Axenrot da ya gaje shi. Lokacin da ya shigo kowa cewa yake ɗan det metal ne daga ƙungiyar Bloodbath, ƙarfi kawai ya iya. A Watershed ma haka aka ji shi, saboda yadda aka yi sautin a situdiyon Fascination Street da Jens Bogren, komai a matse, a goge, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa. Heritage ne ya wanke shi. A situdiyon Atlantis na Istokholm aka ɗauka, tsohon wuri ne, can ABBA suka yi yawancin waƙoƙinsu na farko lokacin ana kiransa Metronome. An bar gangar ta yi ƙarar ganga, kana jin ɗakin, kana jin inda ya taɓa a hankali da inda ya sake hannu. Wilson ne ya haɗa sautin kuma bai matse shi ba. Ko wanda ya tsani waƙoƙin ya yarda cewa a duk albam ɗinsu babu wanda ganga da bes suka fito kamar wannan.

Hafsat: Na ji, ya iya shafa ganga. Har yanzu dai ba Lopez ba ne.

Sagir: Ni fa amfanin sabon Opeth ɗaya na sani. Ina iya kunna shi a mota Hajiya tana zaune. Ranar da ta ji Ghost Reveries daga ɗakina, tambaya ta yi ko lafiya, wa ake yi wa ruƙiyya.

Malam Ilu: Sagir, a bar Hajiya ta huta. A ci gaba, amma ban da gori.

Auwal: Ku yi haƙuri, ni gani nake duk kuɗi ne. Sun koma Roadrunner a 2005, babban kamfani, suka ga gurnani ba ya shiga rediyo, suka sauke shi. Heritage ya kai lamba 19 a jadawalin Billboard na Amurka, sama da duk abin da suka yi kafin nan. Lissafi ne.

Yaya Bala: Auwal, wannan ita ce hujja mafi rauni da aka kawo yau, kada ka ji haushi. Wanda yake neman kasuwa ba ya buɗe albam da fiyano shi kaɗai ba waƙa, ba ya yin waƙoƙin da ba su da amshin da za ka riƙe. Wane gidan rediyo ne ya sa Famine? Watershed da gurnaninsa ya kai lamba 23, ka ga ke nan suna hawa ne tun kafin su canja. Hanya mafi sauƙi ta samun kuɗi a 2011 ita ce ya sake yin wani Ghost Reveries, ya sake yin wani, har ya tsufa. Kamfanin da ya yi suna da Slipknot ba zai roƙe ka ka kawo masa sarewa ba.

Kuma akwai labarin da shi Mikael ya sha bayarwa da bakinsa. Bayan Watershed ya fara rubuta sababbin waƙoƙi a kan salon da aka saba, ya kunna wa Méndez, Méndez ya nuna masa cewa ba wannan ya kamata su yi ba. Sai ya goge su ya fara daga farko. Wato shi kansa ya ji abin ya zama aikin hannu ba na zuciya ba. Ku da kuke cewa a ba ku gurnani, da kun samu, amma na mutumin da ya gaji. A 2012 ma ya bar Bloodbath, inda ba abin da yake yi sai gurnanin.

Mansur: Tsaya, Yaya. Méndez ɗin da ya ce a bar det metal, ba shi ne ya je ya kafa White Stones ba, ya fitar da albam na det metal a 2020? Ya hana mu a gida, ya je waje yana yi!

Sagir: Wannan kam ta shiga. Yaya Bala, a sha ruwa.

Yaya Bala: Ta shiga, amma ba inda kake so ba. Bai ce det metal ba shi da kyau ba, cewa ya yi waɗancan waƙoƙin ba su kai ba. Abokin kirki ke nan.

Mansur: To ga tawa hujjar ta gaske, Enslaved. 'Yan Nowe ne, sun fara da bilak metal a farkon shekarun 1990, suka shigo da ogan da Mellotron da murya mai taushi, suna son Pink Floyd da King Crimson kamar yadda Mikael yake so, amma ba su taɓa yar da kaushin muryar ba. Suna ta gaba kuma ba su raba masoyansu gida biyu ba. Mastodon ma da suka yi Crack the Skye a 2009 sun shiga furog sosai, nauyin jitar bai tafi ba. Ke nan ana iya yi. Ba dole sai ka yanke hannu ɗaya ba kafin a ce ka girma.

Nura Mai Jita: Misalin Enslaved mai kyau ne. Bambancin shi ne su suna da masu waƙa biyu, Grutle Kjellson yana kaushin, wani yana taushin, kuma a hankali suka riƙa ƙara gishirin, albam bayan albam. Opeth sun riga sun kai ƙarshen wannan haɗin tun 2005. Bayan Ghost Reveries me ya rage a yi da shi? Watershed ma idan ka lura, rabinsa ya riga ya fice: an buɗe shi da waƙar jitar katako da muryar mace, waƙar Burden kuwa ba abin da ya raba ta da waƙar 1975. Wanda Heritage ya zo masa ba zato bai saurari Watershed da kyau ba.

Wasu kuma sun fi su nisa. Anathema na Liverpool sun fara da dum metal mai gurnani, suka ƙare a wani abu da ko jita mai kaushi da ƙyar ake ji. Paradise Lost sun yi Host a 1999 da na'urorin lantarki, masoya suka yi musu ca, daga baya suka komo. Katatonia, abokan Mikael na ƙut da ƙut, sun bar gurnani tun ƙarshen shekarun 1990. Amma ba wanda aka riƙe a zuci kamar Opeth, saboda su sun bari ne suna kan ganiyarsu.

Ɗan Damagaram: To ai shi ne zafin. Da sun lalace ne kafin su canja, da ba wanda ya damu.

Hafsat: Ba wanda zai kare Sorceress ne? Ina jira in ga mai ƙarfin hali.

Zainab: Akwai waƙoƙi masu kyau a ciki, irin Will O the Wisp. Sautin ne ya cuce shi, bes ya danne komai, jitar kamar an lulluɓe ta.

Yaya Bala: Ni ma a nan zan sunkuyar da kai. A cikin huɗun shi ne ƙarami. Amma In Cauda Venenum na 2019 fa? Mansur, ka ji na harshen Suwidin ko na Turanci?

Mansur: Na Turanci.

Yaya Bala: To ba ka ji shi ba tukuna. Da harshensu ya rubuta shi, na Turancin daga baya aka yi don kasuwar waje. Ba na jin ko kalma ɗaya ta Suwidin, amma kana jin yadda baitin ya zauna a kan kiɗan ba tare da an tanƙwara shi ba, kuma muryarsa ta fi sakewa. A nan ne duk abin da ya fara lalube a Heritage ya nuna. Nauyi ya dawo, gogen da Dave Stewart ya tsara ya cika wurin, waƙoƙin suna da kai da gindi. Kuma ba za ka ce wannan Camel ne ko Jethro Tull ba. Wannan ba mai yin sa sai Opeth, wanda shi ne abin da ka ce ya ɓata.

Nura Mai Jita: Wannan ya kawo mu inda Mansur ya fara, kuma a nan nake so in kama shi. Mansur, ka ce The Last Will and Testament ya nuna shekarun baya asara ne. Ɗauki albam ɗin, ka cire gurnanin a zuciyarka, ka saurari abin da ya rage. Blackwater Park ka ji? Ko kusa. A da salon jita ɗaya sai ya yi ta juyawa minti biyu, uku, har ya sa ka cikin maye. A sabon, kafin ka kama salo ya sake wani, waƙoƙin gajeru ne a ma'aunin Opeth, a cushe, ga goge, ga ogan ɗin Joakim Svalberg ko'ina. A Rockfield na Wales aka ɗauka, inda aka yi Pale Communion da Sorceress. Wa yake busa sarewa kuma yake karanta wasiyyar? Ian Anderson na Jethro Tull, ɗaya daga cikin waɗanda ka ce idan kana so na asalin za ka ɗauko. Labari guda ne daga farko zuwa ƙarshe, attajiri ya mutu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, 'ya'ya sun taru a karanta musu abin da ya bari, waƙoƙin ma ba su da suna sai lambar sakin layi, in ban da ta ƙarshe. Wannan ƙanin In Cauda Venenum ne uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da kake yabo, a cikin shekarun da ka kira asara aka koyi yin sa.

Sagir: Rigimar gado har a Suwidin. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

Mansur: Malam Nura, na yarda ƙashin na sabon Opeth ne. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka ɗazu: ɓangare ɗaya yana ciyar da ɗayan. Me ya sa wannan ya kama mutanen da suka yi shekara 13 suna fushi, In Cauda Venenum bai kama su ba, alhali ka ce 'yan uwa ne? Saboda an dawo da ɓangaren da aka cire. Ke nan da ya sa shi tun a 2014, da Pale Communion ya fi haka. Hujjarka tawa ce.

Nura Mai Jita: A'a. Gurnani a Pale Communion zai lalata shi ne, ba wurin da zai zauna. A sabon ya zauna ne saboda labarin ya nema, muryar mugun uba ce da ke magana daga kabari. Da ya liƙa shi a ko'ina don a daina zaginsa, da kai ne farkon wanda zai ce na dole ne.

Zainab: Kuma ni da na shigo ta ƙofar sanyi, sabon bai kore ni ba. Wannan ma wani abu ne. Amma gaskiya na fi komawa Pale Communion. Sabon yana gajiyar da ni, ba ya barin waƙa ta huta.

Hafsat: Wannan laifin yaron gangar ne, Waltteri Väyrynen. An haife shi a 1994, ƙungiyar ta girme shi da shekara huɗu. Hannunsa ba ya zama wuri ɗaya.

Nura Mai Jita: Haba Anti, yaron nan shi ne rabin daɗin albam ɗin. Daga Paradise Lost ya zo a 2022, inda kiɗan yake tafiya a hankali, ba wanda ya san yana da wannan a hannu.

Khalifa: Salamu alaikum manya. Sabo ne ni a nan, ban taɓa jin Opeth ba sai sunan. Duk na karanta, kaina ya ɗaure. Da wanne zan fara?

Mansur: Blackwater Park. Kada ka saurari kowa.

Zainab: Kada ka soma. Damnation tukuna, sannan Pale Communion, in ka ji daɗi sai ka matsa.

Yaya Bala: Khalifa, me kake ji a yanzu? Amsar tana can.

Khalifa: Metallica da System of a Down, Yaya. Gurnani bai cika damuna ba in bai yi yawa ba.

Yaya Bala: To Ghost Reveries. Akwai nauyin da ka saba da shi, akwai kibod ɗin Per Wiberg wanda a nan ya fara zama cikakken ɗan ƙungiya, kuma daga shi kana iya yin baya zuwa Still Life ko ka yi gaba zuwa Heritage, duk tafiyar ɗaya ce. Ka ba kowace waƙa lokacinta, da yawansu sun haura minti 10, kada ka riƙa tsallakewa.

Ɗan Damagaram: A kan Ghost Reveries dai ba mai musu, ina jin.

Hafsat: Ba musu, tunda shi ne na ƙarshe da Lopez ya buga.

Mansur: Khalifa, in ka gama shi ka yi baya. Gaba akwai Sorceress.

Yaya Bala: Kuma Mansur, kada ka saki jiki da dawowar gurnanin nan. Mutumin da ya goge waƙoƙinsa don sun yi kama da abin da ake jira daga gare shi, yanzu da kowa yake jiran wani gurnanin, ban ga abin da zai hana shi fito muku da albam na fiyano da goge ba.

Mansur: In ya yi haka, Yaya, ni da kai ne a zauren nan.